TALLAFIN GWAMNATI GA MANOMA BAYAN BALA'I: DARASI DAGA GUNDUMOMIN KARKARA NA AMURKA

GABATARWA

Ya kai manomi, da kai malamin gona, duk wanda ya yi noma a bakin kogin Neja ko na Binuwai bai manta da shekarar 2012 ba. Daga watan Yuli zuwa Oktoba ruwa ya shafe gonakin shinkafa da masara da rogo da doya tun daga Adamawa har Bayelsa, ya kuma datse hanyar Abuja zuwa Lokoja. Alƙaluman Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa sun nuna cewa mutum 363 sun rasu, sama da miliyan biyu kuma sun bar muhallinsu. A watan Oktoba Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da sanarwar tallafin naira biliyan 17.6. An kasa jihohi aji huɗu: jihar da ke aji na farko ta sami naira miliyan 500, ta biyu miliyan 400, ta uku miliyan 300, ta huɗu miliyan 250.

A cikin waɗannan watanni ne kuma manoman Amurka suka gamu da fari mafi tsanani tun shekarun 1950. Masarar da a shekarar 2011 take ba da kimanin tan 9 a kowace hekta ta faɗo ƙasa da tan 8, wasu gonakin ma ba a girbe su ba sam. Diyyar da aka biya manoma a kan asarar wannan shekara, ta hanyar inshorar da gwamnati ke tallafa wa, ta haura dala biliyan 17.

A nan gida an raba kuɗi jiha-jiha. A can an biya manomi-manomi, kowa gwargwadon asararsa. Ƙarfin arziki yana cikin dalilan wannan bambanci, amma akwai wani dalili da ke hannunmu: tun kafin fari ya zo, an san sunan kowane manomi a rubuce, da girman gonarsa, da abin da ya shuka, da abin da ya saba girba. Diyya takarda take bi, kuma takardar tun kafin bala'i ake rubuta ta. Wannan shi ne abin da darasin nan zai nuna maka.

MANUFAR DARASI

Bayan ka karanta wannan darasi, ana sa ran za ka iya:
1. Bayyana yadda ake biyan manomi diyyar amfanin gona a gundumar karkara ta Amurka.
2. Lissafa diyya da kanka, ka kuma ga yadda rashin rubutu ke rage ta.
3. Sanin abin da ya kamata ka tanada a gonarka, ko a yankin da kake kula da shi, kafin damina.

1. GUNDUMA DA OFISHINTA

Kowace jiha a Amurka an kasa ta gunduma-gunduma, kwatankwacin ƙananan hukumominmu. Yawansu ya haura 3,000. Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar tana da wani reshe mai hidima ga manoma, wanda ake taƙaita sunansa da FSA. An kafa shi a shekarar 1994, kuma yana da ofisoshi sama da 2,000 a gundumomi. A wannan ofishi kowace gona tana da lamba, da taswirar da ke nuna iyakarta, da fayil na tarihinta.

Ba ma'aikata kaɗai ke tafiyar da ofishin ba. Akwai kwamitin gunduma, wanda manoman yankin ke zaɓa daga cikinsu. Mambobinsa daga mutum 3 zuwa 11 ne, wa'adin kowanne shekara uku. Asalin wannan tsari tun shekarun 1930 ne. Kwamitin yana duba buƙatun diyya na wasu shirye-shirye, yana tantance ko asarar da aka kawo ta yi daidai da abin da ya faru a yankin, yana kuma sauraron ƙorafi. Hikimar abin a fili take: manomi ba zai iya ce wa maƙwabcinsa ƙanƙara ta kashe masa gona ba alhali maƙwabcin ya san ba a yi ƙanƙara ba.

2. HANYOYIN DA KUƊI KE BI ZUWA HANNUN MANOMI

Hanya ta farko ita ce inshorar amfanin gona. An fara ta a shekarar 1938 da alkama. Dokar shekarar 1980 ta faɗaɗa ta, ta shigo da kamfanoni masu zaman kansu su riƙa sayar da ita, gwamnati kuma ta riƙa biyan wani kaso na kuɗin zubi. Duk da haka manoma da yawa ba su shiga ba, domin sun saba Majalisar Dokoki tana ba da agaji kyauta duk lokacin da bala'i ya auku, kamar yadda ta yi bayan farin shekarar 1988 da ambaliyar kogin Misisifi ta shekarar 1993. Saboda haka a shekarar 1994 aka yi wa tsarin garambawul, aka ƙirƙiro mataki mafi ƙanƙanta, wato inshorar babbar asara. A wannan mataki gwamnati ce ke biyan kuɗin zubi gaba ɗaya, manomi kuɗin rajista kawai yake biya, wanda dokar shekarar 2018 ta sa dala 655 a kan kowane irin amfani. Mai son kariya fiye da haka yana iya saye har zuwa kashi 85 cikin 100 na abin da ya saba samu. Idan aka haɗa duka matakan, gwamnati na ɗaukar kimanin kashi 60 cikin 100 na kuɗin zubi.

Hanya ta biyu ta amfanin da babu inshorarsa a gunduma ce, kamar wasu kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da ciyawar dabbobi. Ana kiran shirin NAP, kuma ofishin gunduma ne ke tafiyar da shi. A dokar 2018 kuɗin rajistarsa dala 325 ne a kan kowane amfani, amma ana yafe wa sababbin manoma da masu ƙaramin ƙarfi.

Hanya ta uku ita ce tallafin da Majalisa ke zartarwa bayan bala'i ya riga ya faru. Misali, shirin da ya shafi asarar shekarun 2005 zuwa 2007 ya biya wanda asararsa ta wuce kashi 35 cikin 100, a kan kashi 42 cikin 100 na farashi, kuma sai wanda ya riga ya yi inshora ko ya shiga NAP. An yi makamantansa bayan mahaukatan guguwa na shekarar 2017, da asarar 2018 da 2019, da ta 2020 da 2021. A waɗannan na baya an gindaya sharaɗi: duk wanda ya karɓi tallafi dole ya yi inshora a shekara biyu masu zuwa, in ba haka ba ya mayar da kuɗin.

Hanya ta huɗu bashi ne mai sauƙin ruwa, har zuwa dala 500,000, ga manoman gundumar da aka ayyana a matsayin wadda bala'i ya shafa. Ka lura, wannan rance ne, ana biyansa.

3. YADDA AKE AYYANA GUNDUMA

Sakataren Aikin Gona, wato ministansu na gona, shi ne ke ayyana gunduma. Ƙa'idar ita ce a sami asarar aƙalla kashi 30 cikin 100 a kan wani amfani guda a faɗin gundumar. Ofishin gunduma ne ke tattara bayanin ya aika wa ofishin jiha, daga nan ya wuce Washinton. Da zarar an ayyana gunduma, maƙwabtanta masu iyaka da ita su ma sun cancanci rancen, kuma manomi yana da wata takwas ya miƙa buƙatarsa.

Game da fari, an sauƙaƙa abin a shekarar 2012. Tun shekarar 1999 ake fitar da taswirar fari ta ƙasa duk ranar Alhamis, da haɗin gwiwar Jami'ar Nebraska da ma'aikatar gona da hukumar yanayi. Taswirar tana nuna tsananin fari mataki-mataki. Idan gunduma ta yi mako takwas a jere cikin fari mai tsanani a lokacin noma, ko kuma ta shiga matakin da ya fi wannan muni ko da na ɗan lokaci ne, ana ayyana ta ba tare da jiran wani ya roƙa ba. A shekarar 2012 an ayyana gundumomi sama da 2,000. Amfanin wannan hanya shi ne awon ruwan sama da danshin ƙasa ne ke yanke hukunci, babu wanda zai ce don gwamnansu ba na jam'iyyar gwamnati ba ne aka tsallake su.

Amma ka gane wani abu. Ayyana gunduma ƙofa ce kawai aka buɗe. Abin da kowane manomi zai samu ya dogara da fayil ɗinsa.

4. ABIN DA KE CIKIN FAYIL ƊIN MANOMI

(a) Rahoton shuka. Kowace shekara, bayan shuka, manomi yana zuwa ofis ya rubuta abin da ya shuka, da girman filin, da ranar shuka, da kason da yake nasa idan noman haɗin gwiwa ne. Ga yawancin amfanin da ake shukawa a farkon shekara, wa'adin ranar 15 ga Yuli ne. Har filin da ruwa ya hana shukawa ana ba da rahotonsa. A shekarar 2019 filin da aka kasa shukawa saboda yawan ruwa ya kusa eka miliyan 20, kuma an san adadin ne saboda manoma sun rubuta.

(b) Tarihin girbi. Ana lissafa abin da gona ta saba bayarwa ne daga rubutun girbi na shekara 4 zuwa 10, tare da shaida kamar rasit na sayarwa da takardar awon sikeli. Wanda ba shi da rubutu ko na shekara ɗaya, sai a ba shi kashi 65 cikin 100 kawai na matsakaicin abin da gundumar ke samu.

(c) Sanarwar asara. Mai inshora yana sanar da kamfani cikin awa 72 da ganin ɓarna. A shirin NAP wa'adin kwana 15 ne, amma ga amfanin da ake tsinka da hannu, mai saurin lalacewa, awa 72 ne.

(d) Ganin ido. Ba a yarda manomi ya kaftu gona ko ya saki dabbobi a ciki kafin jami'in tantance asara ya zo ba. Idan dole ne ya girbe ko ya sake shuka, sai ya nemi izini, ya kuma bar wasu kunyoyi yadda suke domin jami'in ya auna.

Akwai kuma ƙa'idar wanda za a biya. Diyya ta mai noma ce, wato wanda yake da kaso a amfanin kuma asarar za ta faɗa kansa. Mai gonar da ya ba da haya ya karɓi kuɗinsa ba shi da rabo a ciki.

5. YADDA AKE LISSAFA DIYYA

A inshorar babbar asara da kuma matakin farko na NAP ƙa'idar ɗaya ce. Rabin farko na asara manomi ne ke ɗauka. Abin da ya wuce rabi shi ake biya, a kan kashi 55 cikin 100 na farashi. Ga misali na koyo, da buhu da hekta domin sauƙin fahimta.

Manomi na farko yana da hekta 10 na masara. Rubutunsa ya nuna yana samun buhu 40 a hekta, jimla buhu 400. Fari ya zo, ya girbe buhu 120 kacal. A ɗauka farashin buhu dala 100 ne.

Rabin abin da ya saba samu: buhu 200.
Abin da ya girba: buhu 120.
Giɓi: buhu 80.
Farashin biya: dala 55 kowane buhu.
Diyya: 80 sau 55, dala 4,400.

Manomi na biyu maƙwabcinsa ne. Gonarsu ɗaya a girma, girbinsu ɗaya, asararsu ɗaya, sai dai shi bai taɓa ajiye rubutu ba. A ɗauka matsakaicin gundumar buhu 40 ne a hekta. Za a ba shi kashi 65 cikin 100, wato buhu 26 a hekta, jimla buhu 260.

Rabin 260: buhu 130.
Abin da ya girba: buhu 120.
Giɓi: buhu 10.
Diyya: 10 sau 55, dala 550.

Ka ga ninki takwas ke tsakaninsu, kuma babu abin da ya raba su sai littafi da alƙalami.

Ka sake duba manomi na farko. Ainihin asararsa buhu 280 ne, wato dala 28,000. Diyyar da ya samu ba ta kai kashi 16 cikin 100 na asarar ba. Da ya biya kuɗin zubi ya sayi kariya ta kashi 75 cikin 100 a kan cikakken farashi, da an lamunce masa buhu 300, giɓinsa ya zama buhu 180, diyyarsa dala 18,000. Ke nan ko a Amurka, tallafin kyauta ba ya mayar da mutum inda yake. Abin da yake yi shi ne ya ba shi abin sayen iri da taki, don kada ya sayar da gona ko dabba.

6. INDA TSARIN YAKE DA RAUNI

Kada ka ɗauka tsarin ba shi da aibu. Akwai abubuwan da ya kamata mu sani don kada mu maimaita.

Jinkiri. Dokar da ta biya asarar shekarar 2005 sai a watan Mayu 2007 aka sa mata hannu, karɓar buƙatu kuma sai a ƙarshen wannan shekara. Tallafin asarar 2020 sai a tsakiyar 2022 ya fara isa hannun manoma. Na asarar 2023 da 2024 an zartar da shi a Disamba 2024, aka fara karɓar buƙatu a Yuli 2025. Inshora ta fi sauri, domin ba ta jiran zaman majalisa.

Rinjayen manyan gonaki. Tunda diyya tana bin girman fili da yawan amfani, kaso mafi tsoka yana tafiya ga manyan manoma, duk da cewa an ƙayyade iyakar abin da mutum ɗaya zai karɓa a wasu shirye-shirye.

Son kai a kwamiti. A shekarar 1997 baƙaƙen manoma sun kai ma'aikatar gona ƙara, a shari'ar da ake kira ta Pigford, bisa zargin cewa ofisoshin gundumomi sun daɗe suna hana su rance da tallafi ko suna jan musu rai saboda launin fata. An sasanta a shekarar 1999, aka biya kimanin dala biliyan ɗaya, a shekarar 2010 kuma aka amince da ƙarin sama da biliyan ɗaya. Kwamitin 'yan gida ya san gaskiyar gona, amma yana iya danne wanda ba nasa ba. Wannan gargaɗi ne gare mu, musamman a wuraren da masu noma baƙi ne, ko mata ne, ko masu aron gona ne.

7. HALIN DA MUKE CIKI A GIDA

Mu ma muna da namu tsarin, sai dai manoma kaɗan ne suka san shi. An ƙaddamar da shirin inshorar aikin gona na ƙasa a watan Nuwamba 1987, doka mai lamba 37 ta shekarar 1993 kuma ta kafa hukumar da aka fi sani da NAIC. An fara da masara da shinkafa da shanu da kaji, daga baya aka faɗaɗa. Tana kare manomi daga ambaliya da fari da gobara da guguwa da kwari da cututtuka. A tsarin shirin, gwamnatin tarayya da ta jiha ne ke ɗaukar rabin kuɗin zubi a kan amfanin da aka amince da shi. Wanda ya ci bashin noma a banki sau da yawa an riga an cire masa kuɗin inshora daga cikin bashin, amma da yawa ba su sani ba, don haka idan ruwa ya ci gona ba sa sanar da kowa har wa'adi ya wuce. Ka kuma sani cewa a mafi yawan lokaci abin da ake yi wa inshora shi ne kuɗin da ka kashe ko bashin da ka ci, ba ribar da kake sa rai ba.

Akwai kuma inshorar da ke bin matsakaicin girbin yanki. A wannan ba a auna gonar kowa. Ana zaɓar wasu gonaki a yi musu yankan gwaji, idan matsakaicin yankin ya faɗi ƙasa da abin da aka lamunce, sai a biya duk wanda ya shiga. Amurka ta fara irin wannan a matakin gunduma a shekarar 1993, kuma ta shigo Nijeriya ta cikin shirye-shiryen bashin noma. Ta fi dacewa da ƙananan gonaki masu yawa, amma rauninta shi ne gonarka na iya lalacewa alhali yankin bai faɗi ba, ka tashi babu komai.

Ga wanda yake da damuwa ta fuskar addini, hukumar kula da inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojin takaful a shekarar 2013, kuma akwai kamfanonin da ke aiki da su. Ka tambayi malamai, ka kuma tambayi kamfanin ko yana karɓar amfanin gona.

Agajin gaggawa kuwa, irin na shekarar 2012 da na 2022 lokacin da ambaliya ta kashe sama da mutum 600, yawanci abinci ne da iri da taki da maganin feshi, ta hannun hukumar agaji ta ƙasa da ta jiha da ƙaramar hukuma. Ana raba shi ne da jerin sunaye. Inda babu jeri na gaskiya tun da farko, sai a rubuta wani cikin gaggawa, kuma a irin wannan gaggawar ne sunan mai noma ke ɓacewa, na wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ya shiga.

8. AIKINKA, YA KAI MANOMI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin damina:
1. Sayi littafi guda na gona. Idan ba ka rubutu da boko, ka rubuta da ajami, ko ka sa ɗanka ya rubuta.
2. Ka sa a auna gonarka. Wayar hannu mai taswira tana iya yi, malamin gona zai nuna maka. Hekta ɗaya ta kusa kai eka biyu da rabi.
3. Rubuta irin da ka shuka, da ranar shuka, da takin da ka sa, da kuɗin ƙodago. Ajiye kowane rasit a cikin leda, a wurin da ruwa ba ya kaiwa.
4. Da kaka, rubuta yawan buhunan da ka samu a kowace gona, har da wanda aka ci a gida da wanda aka fitar zakka.
5. Idan gonar aro ce ko haya, ku yi 'yar takarda da mai gona a gaban shaidu, a nuna cewa kai ne mai noma a bana.
6. Yi rajista da ƙungiyar manoma da ofishin aikin gona na ƙaramar hukumarku, da suna daidai da wanda ke kan katin shaidarka da asusun bankinka.
7. Idan ka ci bashi, tambayi banki ko akwai inshora a ciki, ka karɓi takardarta, ka san wa'adin sanar da asara.

Idan bala'i ya zo:
1. Tsirar rai ita ce gaba da komai.
2. Sanar da malamin gona da banki da kamfanin inshora nan take, a rubuce, ka riƙe kwafi.
3. Ɗauki hoto daga kusurwa huɗu na gonar, a ga wata alama da za a gane ta, kamar bishiya ko tudu.
4. Rubuta ranar da ruwa ya shiga da ranar da ya janye.
5. Kada ka kaftu ko ka sake shuka sai an zo an gani, ko an ba ka izini.
6. Faɗi gaskiyar asararka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ƙarin mutum ɗaya yana sa a daina yarda da ƙauye gaba ɗaya.

Dalilin rubuta kwanakin ruwa shi ne su ke nuna ko shuka za ta farfaɗo. Ƙaramar masara ba ta wuce kwana biyu zuwa huɗu a nutse. Shinkafar da aka saba da ita takan mutu idan ta yi kimanin mako guda ruwa ya rufe kanta. Amma FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a shekarar 2017, suna iya jure nutsewa har kusan mako biyu. Rogo kuwa yana ruɓewa idan ruwa ya kwanta, don haka wanda ya isa tono a tone shi da wuri. Mai noma a fadama ya nemi waɗannan ire-iren shinkafa, domin rigakafi ya fi magani.

9. AIKINKA, YA KAI MALAMIN GONA

Kai ne ofishin gunduma a wurin manomanka. Ka riƙe rajista ta ƙauye-ƙauye, mai ɗauke da suna, da girman gona, da amfanin da aka shuka, da ranar shuka. Ka sabunta ta bayan shuka, ka karanta ta a bainar jama'a domin a gyara kuskure. Ka tabbata mata masu noma da baƙi masu aron gona suna ciki da sunansu, ba a ƙarƙashin sunan mai gida ko mai ƙasa ba.

Ka riƙa yin yankan gwaji kowace kaka, har a shekarar da aka yi albarka, domin da ita za a gwada shekarar asara. Auna fili mita 5 tsawo da mita 5 faɗi a wurin da ba ka zaɓa don kyansa ko muninsa ba, kuma ba a bakin gona ba. Girbe, sussuka, shanya ya bushe, sannan ka auna. Ninka abin da ka samu sau 400 ya ba ka na hekta ɗaya. Idan ka sami kilo 6, gonar tana ba da kilo 2,400 a hekta, wato buhu 24 mai kilo 100. Ka yi haka a gonaki da dama, ka ɗauki matsakaici.

Ka bi hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa ke fitarwa a farkon kowace shekara, da hasashen ambaliya na hukumar da ke auna ruwan koguna, ka isar wa manoma da wuri. Idan an yi sanarwar sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, ko Kainji, Jebba da Shiroro, kada ka jira taron wata.

Bayan bala'i, ka kasa asara kashi uku a rahotonka: gonar da ta lalace gaba ɗaya, wadda ta lalace wani sashe, da wadda za ta farfaɗo. Rahoton da ya ce "komai ya tafi" ba ya taimaka wa kowa, domin ba a iya lissafi da shi.

KAMMALAWA

Ba mu da baitulmali irin na Amurka, kuma babu wanda zai yi maka alkawarin cewa za a biya duk wanda ya yi rubutu. Amma duk abin da ya samu, inshora ce ko agaji ko sassaucin bashi, wanda ke da shaida shi ne a gaba. Ko da ba a biya ko sisi ba, littafin gonarka zai nuna maka wane iri ya jure, wace gona ce ke cin kuɗinka, wane wata ya kamata ka yi shuka. Ka fara rubutu daga wannan damina. Allah ya kare mu daga fari da ambaliya, ya ba mu damina mai albarka.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Manomi yana da hekta 5, ya saba samun buhu 30 a hekta, bana ya girbe buhu 45. Idan farashin buhu naira 40,000 ne, nawa zai samu bisa ƙa'idar da aka koya a sashe na 5?
2. Mene ne bambancin ayyana yanki da biyan manomi?
3. Su wane ne aka fi mantawa da su a jerin sunayen yankinku, kuma me za a yi kafin damina?
4. Ka yi yankan gwaji ka sami kilo 4.5. Buhu nawa ke nan a hekta?